Jinin da Aka Ce na Rabo Ne

Malbaza, 9 ga Yuli, 2007

Zuwa ga taubashiyata Hanifa, a Yamai.

Madalla da ke, madalla da zamaninku! Kafin in gaishe ki ma sai na yaba. Tanimun direba ya kawo mini labarin sabuwar sana'arki, wai bulog. Ya ce kowace Asabar kina shiga wani ɗaki da ake kira siber, ki zauna gaban kwamfuta ki rubuta abin da ke ranki, ki tura shi cikin iska. Duk wanda ya ga dama ya karanta, ba ki san shi ba, bai san ki ba, kuma ba ya sayen komi. Kai, wagga dabara ta yi! Shekara talatin ina tashar Malbaza ina haɗa masu siminti da masu kamyo, manyan motocin kaya, ban taɓa buɗe baki ba sai na hango abin da zai fito. Ashe ni ne baƙauye. A garinmu in mutum ya zauna shi kaɗai yana ba bango labari, dangi kan taru su kai shi wajen malam. Ku a Yamai har kujera ake ba shi, a kunna mishi fanka.

To, yanzu gaisuwa. Ina lahiyarki, ina karatu, ina baƙunta? Nan ruwa ya sauka, mutanenmu na Alela sun gama shibka. Uwargida Kande tana gaishe ki. Ni kam jiki ya ɗan taɓa ni. Ranar kasuwar Konni ina tsakiyar magana na ga ƙasa ta juya, na farka bisa buhunan wani mutum da ban ma sani ba. Lokotoro ya ce hawan jini ne. Ya hana ni gishiri, ya hana ni goro, ya hana ni tasha har wata uku. Gishiri na yafe. Amma tasha? Ga ni nan zaune cikin zaure awa tsohuwar tayar kamyo, kaji na hawa kaina.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Rabo ƙanena ya zo jiya ya ce yaron Kande, wanda ke Kotonu, ya kira shi ta salula. Wai tuƙin motoci daga bakin teku ya ishe shi, bayan sallar layya zai wuce Libiya. Kin san hanyar nan, kin san waɗanda suka bi ta daga unguwarmu, kin san nawa suka dawo. Kin kuma san shekara huɗu ke nan da ya bar gida bai aiko mini ko ina kwana ba. Rabo yake kira, Rabo yake yi wa aike. Ɗan fari ne, a gidanmu ba a yawo da maganar ɗan fari a baki, ko sunanshi ban taɓa kamawa ba. Na dai ce, tunda ke kina hira da iska, in iskar ta biya ta Kotonu ki ce mata uwarshi ta rage cin abinci.

Naki, wanda ya girme ki ko kin ƙi,
Sallau

*

Yamai, 21 ga Yuli, 2007

Zuwa ga Sallau, tsohon dillali, taubashin da Allah Ya ɗora mini.

Na ga takardarka, na yi dariya, na kuma tsorata. Allah Ya ba ka lahiya, Ya sa kaffara ne. Ka bi maganar lokotoro, kada ka yi ciniki da shi a kan goro, na san halinka. Ni lahiya lau, karatu sai godiya. A gaida Kande da kyau.

Bangon da nake ba labari yana amsawa, malam. 'Yan Konni da Illela da ke Abijan da Legas da Kotonu suna leƙowa su ji ko an yi ruwa a gida, su bar mini magana a ƙasan rubutun. Har Mustapha yakan leƙo. Ni ba ɗana ba ne na fari, in na so sai in kama sunanshi sau goma: Mustapha. Na neme shi ta waya a kan maganar Libiya. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Goggo Hanifa, wa ke jirana a gida? Kunya na san ta, a hannun kaka na tashi, ban taɓa cewa ya ɗauke ni ya yi mini wasa ba. Amma kwana ashirin na yi a asibiti da karyayyar ƙafa, mutumin nan bai leƙo ba ko sau ɗaya. Baffa Rabo ne ya ba ni jininshi." Sallau, gaskiya ne? A lokacin ina koyarwa a Illela, ban san yadda aka yi ba.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Da na zo Yamai na baro 'ya'yana biyu wajen inna, sai da na yi wata uku ina kuka a banɗakin makaranta. Ba mai jin Hausar garinmu, ba wanda zan ce wa na gaji. Sai na fara rubuta shafi ɗaya kowace safiya bayan asuba. Abin da ke cin raina, in na gan shi kwance bisa takarda, sai ya koma daidai girmanshi. Wani ma in na karanta sai in ga ashe yunwa ce kawai nake ji. Bulog daga baya ya zo.

Ga kaye nan, sabon littafin rubutu, na ba Tanimun, da biro biyu. Shafi ɗaya kullum bayan asuba, ko kana da abin faɗi ko babu. Bakin da ya saba magana tun safe har magariba, in aka rufe shi rana ɗaya, ina kake zaton maganar za ta bi in ba jini ba? Waɗanda suka yi daɗi ka aiko mini in sa a bulog. Ka yi lakwal har aji shida, kada ka ce mini hannu ya manta.

Taka,
Hanifa

*

Malbaza, 19 ga Agusta, 2007

Zuwa ga Hanifa, lokotoron da ba ta da allura.

Gaisuwa mai yawa. Muna lahiya, gero ya kai ƙugu, sauro ya kai wuya. Kande ta ce ki daina aiko wa tsoho kayan wasa, wai yanzu ko ta kira ni karin kumallo sai in ce ta dakata in kai ƙarshen layi.

Maganar asibiti ba ta takarda ba ce. Mu bar ta.

Kayenki kuwa, don in kunyata ki na buɗe shi. Rana ta farko na rubuta, "Akuyar maƙwabci ta shigo, ta fita." Na zauna ina kallon sauran shafin awa mai gadin fili. Rana ta biyu akuyar ba ta zo ba, dole na rubuta dalilin da nake zaton ya hana ta, daga nan na faɗa kan mai ita, daga mai ita na faɗa kan ubanshi da muka yi yaron mota tare. Ban ankara ba shafi ya cika. Yau kwana ashirin da biyar ban tsallake ko ɗaya ba, kuma shafi ɗaya ya daina isata.

Abin yana da mugunta, ban ɓoye miki ba. Akwai wani labari da na shekara goma ina bayarwa a tasha, na yadda na kunyata wani mai kamyo ɗan Badaguishiri gaban mutane. Kullum ana dariya har da riƙe ciki. Da na zo rubuta shi, babu mai dariya kusa, sai na ga tun daga layi na uku ni ne mara gaskiya. Baki yana da gudu, yakan tsallake rami. Biro a ƙasa yake tahiya, kowane rami sai ya faɗa. Na aika wa mutumin gaisuwa, ya zaci mutuwa zan yi.

Wani abin kuma: saboda neman abin rubutawa na fara kallon gidana. Shekara ashirin da shida da Kande, sai makon jiya na san tana waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, kuma in ta ji motsina sai ta mai da ita tari. Ranar Litinin majo, malamin asibiti, ya ɗaura mini abin awon jini, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam Sallau, wane magani ka ƙara?" Na ce mishi biro. Ya ce in daina wasa da lahiyata.

Ga shafi shida na yago miki. Akwai na yadda ake gane direban da ya kwana a hanya ya ce taya ce ta fashe, akwai na mai albasar Badaguishiri da ke rantsuwa da 'ya'yan da ba shi da su. Duk abin da ke cikin ambulan naki ne, ki watsa wa iskarki. Sunana dai ban yarda ba, ina da sauran mutunci a tasha.

Yaron nan, in ya sake leƙowa, ba sai kin ce mishi komi ba.

Sallau

*

Malbaza, 24 ga Satumba, 2007

Hanifa,

Barka da shan ruwa. Muna lahiya, da fatan kina lahiya. Mako biyar ke nan ba takardarki. Da farko na ce ko shafin da na zagi shinkafar Yamai ne ya ɓata miki rai. Daga baya na ce ko ba ki da lahiya. Tanimun ya ce ya ba ki ambulan hannu da hannu, kin kuma yi mishi kunu.

Jiya ina juya kaye baya don in ga ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, sai na gano abin da na yi. Kin san ɗan kasuwa ba ya barin bayan takarda fari. Gaba da baya nake rubutu. Shafin mai albasa da na yago miki, akwai wani abu a bayanshi, na ranar 11 ga Agusta. Ba na bulog ba ne. Ba na kowa ba ne. Ni kaina ban so na sake ganinshi ba, hannu ne ya tahi da ni a safiyar nan.

Don girman Allah ki maido mini shi cikin ambulan rufaffe. Kada ki karanta. In kin riga kin karanta, ki manta. Da na ce duk abin da ke cikin ambulan naki ne, gaban takarda nake nufi.

Sallau

*

Yamai, 15 ga Oktoba, 2007

Zuwa ga yayana Sallau.

Barka da sallah, Allah Ya maimaita mana. Lahiyata lau. Yau ban da wasa a bakina.

Takardarka ta 24 ga Satumba ba ta iso ni ba sai shekaranjiya, kamyon Tanimun ya lalace a Dogon Dutsi, jakarshi ta zauna can tare da motar. Kafin ta iso na riga na sa shafin a bulog. Amma ba zan ɓuya bayan kamyon Tanimun ba. Tun karatun farko na san ba don iska ka rubuta shi ba. Shirun da ka ji na yi, shafin nan ne a hannuna, mako biyar ina ɗauka ina ajiyewa. Na riƙe maganarka ta cewa duk abin da ke cikin ambulan nawa ne, alhali na san abin da kake nufi. Na cire sunaye, na cire sunan gari. Ga takardarka na maido. Ga kuma abin da ta ce da hannuna, don na san in ka karɓe ta murhu za ta, kuma ina so ka gan shi sau ɗaya awa wani ne ya rubuta:

"Yau Rabo ya wuce ta ƙofar gida cikin shaddar da yaron ya aiko mishi. Ta huɗu ke nan, kowace shekara ɗaya. Ta yi mishi kyau. Rabo da ko kaza ake yankawa sai ya juya baya. Ranar da babur ya kaɗe yaron a hanyar Konni, majo ya fito ya ce jini ya zuba da yawa, dangi su zo a gwada. Nawa ne ya dace. Aka ɗiba ranar, aka sake ɗiba bayan kwana biyu. Na ce wa majo in ya farka a ce na Rabo ne, na sa Rabo da Kande suka rantse. Ina zan kai fuskata a ce an ga Sallau kwance yana rawar jiki a kan ɗan fari? Babanmu, ranar da wanmu na fari ke ciwon ajali, gona ya tahi ya yini yana noma, har yau tsofaffin Alela na yabonshi da wannan. Ni ban kai shi ba. Kwana ashirin ina zuwa da hantsi in zauna gindin itacen bedi bayan tagar ɗakin, wajen mai shayi, har la'asar. Ina jin tarinshi. Na san ranar da ya fara cin tuwo, na san ranar da ya yi wa majo tsawa, na ji daɗi na ce ƙarfi ya dawo. Ranar da aka sallame shi na riga shi barin wurin don kada ya gan ni. Na zaci zai gane. Mu haka muka gane namu iyayen, ba wanda ya gaya mana."

Sallau, yaron zai shiga hamada bayan layya yana ganin ba shi da uba. Ni na kasa riƙe wagga takarda in yi shiru. In laifi ne na ɗauka, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Har yau bai ce komi ba, ban ma san ko ya gani ba.

Ƙanwarka,
Hanifa

*

Malbaza, 23 ga Oktoba, 2007

Hanifa,

Muna lahiya.

Kin tuɓe ni tsakiyar kasuwa. Wasan taubasai na san shi, na ci naki kin ci nawa tun kina da majina a hanci, amma wanga ba wasa ba ne. Kin ce kin cire sunaye. Mutum nawa ne a ƙasar Konni ke da ƙane mai tsoron jinin kaza da shadda huɗu? Rabo fa? Mutumin da ya rufa mini asiri don na roƙe shi, yanzu shi zai zama ɓarawon riga a idon yaro. Kande ta ji, ta shiga ɗaki ta yini ba ta fito ba. Da ta fito ba ta ce kin yi daidai ba, ba ta ce kin yi kuskure ba, ta dai sa gishiri a miya ranar, ta manta da ni.

Na rantse na bar rubutu. Na jefa kaye bisa rumbu. Kwana huɗu ina tashi bayan asuba hannuna na neman abin yi, kaina na sara. Rana ta biyar na sa tsani na ɗauko shi, don kawai in zage ki yadda ya kamata. Shafi goma sha ɗaya na yi miki. Abin haushi, ina kai na takwas zagin ya ƙare, na tara da na goma duk a kan babanmu ne da gonar nan tashi. Na tuna da ya dawo da magariba ranar, ba ko ɗigon ƙasa a bakin hauyarshi. Shekara arba'in ina da wannan a kaina ban taɓa tambayar kaina mi ya yini yana yi a gonar ba.

Wannan bai wanke ki ba. Ki cire abin nan daga iskarki.

In wani daga Kotonu ya ce wani abu kafin ki cire, ba ni ke tambaya ba. Kande ce.

Sallau

*

Yamai, 10 ga Nuwamba, 2007

Zuwa ga Sallau.

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lahiya, ina fatan jinin ya zauna wuri ɗaya duk da abin da na jawo. Ka gaida Kande, ka ce mata ga amsar tambayarta.

Na je siber ranar Asabar don in cire shafin yadda ka ce. Mutum goma sha tara sun bar magana a ƙasanshi. Wani daga Abijan ya ce ubanshi ne sak, ya rasu bara ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. Wata ta ce kunya ce mutuncinmu, a bar tsoho ya huta. Har faɗa aka yi. Na ƙarshe ba suna, daren Juma'a aka rubuta shi. Na kwafe maka shi harafi da harafi kafin in share komi:

"Goggo, mai shayin nan Maman sunanshi, ko ba haka ba? Gindin bedi, bayan taga. Kullum da hantsi ina jin wani yana gyaran murya sau biyu kafin ya kurɓi shayi. Mutum ɗaya na sani mai yin haka a duniya. Na ce wa kaina zazzaɓi ne ke sa ni jin abin da babu. Mako uku ke nan da na karanta, na kasa rubuta komi. Jiya na kira Baffa Rabo, ya fashe da kuka, ya ce shekara huɗu yana sa riga tana cin jikinshi. Ban riƙe shi da komi ba. Amma Goggo har yanzu ina jin haushi. Taku nawa ne daga bedin nan zuwa ƙofa? Da ya leƙo sau ɗaya, ko bai yi magana ba. Ki ce mishi in da gaske shi ya rubuta wannan, ya rubuto mini ni, da hannunshi, ba ta hannun kowa ba. Sai na ga takardar zan san inda na nufa bayan layya."

Na share shafin yanzu. Ga kwatancen garejin da yake aiki a bayan wagga takarda, tunda na koyi amfani da bayan takarda wajenka. Layya saura kwana arba'in. Kamyo na kai Kotonu cikin kwana huɗu in taya ba ta fashe ba, kai ka fi ni sanin masu ƙarya a cikinsu.

Wata uku da rabi kana rubutu kullum. Hannunka ya riga ya san hanya.

Hanifa

*

Malbaza, 6 ga Disamba, 2007

Zuwa ga taubashiyata Hanifa, wadda ban gama yafe wa ba.

Gaisuwa mai tarin yawa. Lahiya lau muke. An kai gero rumbu, lokotoro ya sake ni na koma tasha, na tarar yaran da na bari sun lalata mini rabin masu kamyo da gaskiya. Goro har yanzu an hana, ina dai shinshinawa.

Bari in fara da abin da kike so ki ji, don na san sauran tsallakewa za ki yi. Na rubuta. Kwana uku na yi a kanta, ni da ke cika shafi huɗu kafin rana ta fito. Kande ta tsaya bakin ƙofa ta ba ni baya, tana gyaran tsintsiyar da ba abin da ya same ta, tana cewa, "A ce mishi ɗakinshi ba ya yoyo, an gyara." Can kuma, "A ce mishi ƙafar nan kada ya riƙa tsayuwa da yawa." Na ce, "Ke ce mai takardar ko ni?" Ta ce, "Ni da wa nake magana? Da tsintsiya nake." Abin da ni na ce mishi kuwa ba za ki gani ba, ke da iskarki. Na duba bayan kowane shafi sau biyu kafin in liƙe.

Ranar Asabar da ta wuce Rabo ya shigo tasha da gudu, salula a hannu awa ya ɗauko wuta, ya manna mini a kunne. Na ce, "Salamu alaikum." Aka ce, "Amin, alaikumus salam. Baba, ina wuni." Ni da na taɓa sayar wa mutum siminti a ranar da ya zo sayen rago, na rasa kalma ɗaya. Na ce, "Ina hanyar Gaya, an gyara?" Ya ce ba a gyara ba. Na ce tayoyin da ake kawowa yanzu ba su da ƙwari. Ya ce sosai, ba su da ƙwari. Muka yi ta taya har Rabo ya fara kallon sama. Can ya ce, "Na ga takarda." Na ce, "To." Ya ce, "Zan zo layya." Na ce, "To, Allah Ya kawo ka lahiya." Na yi gyaran murya, sai na ji ya yi dariya, irin wadda ake yi hanci a toshe. Maganar Libiya bai ce ya fasa ba, bai ce yana nan a kanta ba. Ya ce in ya zo ma zauna. Ni da shi, wai. Na fara rubuta abin da zan ce tun yanzu, kullum shafi ɗaya, kullum in soke rabi.

Ki zo sallah in makaranta ta sake ki. Ki taho da kaye biyu, wanga ya kusa cika.

Naki,
Sallau

Af, ban gaya miki yadda takardar ta bar Malbaza ba. Ranar babu ɗan garinmu mai zuwa Kotonu, sai wani direba baƙo, mutumin Gaya. Na rubuta sunan a bayan ambulan, wannan bai yi wuya ba, biro ba ya da kunya. Na miƙa mishi tsakiyar tasha. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Alhaji, ni ban yi lakwal ba. Wa zan ba?" Na ce, "Yaron Kande, a garejin 'yan Konni." Ya ce, "Garejin nan yara sun fi ɗari, kowa da uwarshi. Ba shi da suna?" Na waiga ko Rabo na kusa, babu shi. Mutumin ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Sai na ji bakina ya ce, "Mustapha. Mustapha Sallau. Ɗana ne." Ya ce, "To," ya cusa ta aljihu, ya ja mota.

Na tsaya ina jiran abin da zai faru. Masu lodi na ta lodi, mai ƙosai na ta suya, wani na ta faɗa a kan igiya. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. To ke da kika yi karatu har Yamai, shekara ashirin da huɗun nan, kunyar wa nake ji?